Aiken kaya tsakanin Kano da Legas: yadda muke lissafin lokaci

Ƙaramin kamfaninmu na aiken kaya ne, daga Kantin Kwari da kasuwar Sabon Gari zuwa Idumota da Alaba, da kuma dawowa. Tambayar da abokin ciniki ke fara yi ita ce, yaushe kayana za su isa? Wasu har su buɗe taswirar waya su nuna mana awa 15. Wannan lissafin ƙaramar mota ne wadda ba ta tsaya ko'ina ba.

Ta ƙasa, tsakanin Kano da Legas ya kai kilomita 1,000, ya ɗan ɗara ko ya ɗan gaza, gwargwadon hanyar da aka bi. Hanyoyin biyu ne. Ta farko, daga Kaduna a nufi Mokwa, a haye gadar Jebba, sai Ilorin, Ogbomosho, Oyo da Ibadan. Daga Kaduna zuwa Mokwa, ta Birnin Gwari da Tegina ta fi yanke, amma matsalar tsaro ta sa direbobi da yawa suna zagayawa ta Suleja da Bida. Ta biyu ita ce ta Abuja da Lokoja da Okene. Doguwar bas takan cinye kusan kwana guda. Tirela mai cikakken lodi kuwa, kwana biyu zuwa uku muke faɗa wa mai kaya, kuma daga ranar da ta tashi muke ƙirgawa, domin mota ba ta barin tasha sai lodi ya cika.

Ba tsawon hanya ke cin lokacin ba. Shingayen bincike ne, da faci, da tankar da ta faɗi ta tare titi, da gosulon shiga Legas, inda guntun da ya rage daga Ibadan, kilomita 130 ko ƙasa da haka, kan ci rabin yini. Da damina abin ya fi muni. A ambaliyar 2022 ruwa ya shanye titin wajen Koton Karfe, motoci suka yi kwanaki a jere.

Jirgi daga filin Malam Aminu Kano zuwa na Murtala Muhammad a Ikeja, kamar awa ɗaya da rabi ne, nisan bai kai kilomita 900 ba. Amma sai an kai kaya da wuri, an auna, an bincika, kuma can ma sai an jira fitowarsu. Saboda haka alƙawarinmu shi ne yau ko gobe da safe. Daga Disamba zuwa Fabrairu ko wannan ba ma yi, don hazo kan hana tashi da sauka a Kano.

Inda ake yawan rigima shi ne wajen awo. Jirgi yana cajin nauyi ko girma, wanda ya fi yawa. Ana ninka tsawo da faɗi da tsayin kwali a santimita, a raba da 6,000. Kwali mai 60 da 50 da 40 ya zama kilo 20 ke nan, ko da huluna ne a ciki da sikeli ya nuna kilo 8. Turare da batiran waya kuma sukan maƙale a wajen bincike, tunda suna cikin kaya masu kama wuta.

Don haka takardu da samfurin atamfa da magani na gaggawa muke ɗorawa a jirgi. Dilar yadi da buhunan hatsi na Dawanau, waɗannan na tirela ne, a rufe da tamfol sosai, a rubuta lambar wayar mai karɓa a ɓangare biyu na kowane ƙunshi.