Wasiƙa daga Landan: kalmar "façade"

Assalamu alaikum 'yan uwa,

Bayan gaisuwa da fatan alheri, na rubuto ne musamman saboda ɗalibanmu masu koyon Turanci, a kan wata kalma da ake yawan ji a nan: "façade". Ana furta ta "fasad". Wannan ɗan wutsiyar da ke ƙarƙashin harafin c alama ce ta Faransanci da ke nuna a karanta shi kamar s, ko da yake Turawan Ingila da yawa sun daina sa ta. Daga Faransanci kalmar ta shigo Turanci a ƙarni na 17, Faransawa kuma sun aro ta daga Italiyanci, inda tushenta ke nufin fuska.

Ma'anarta ta farko ita ce fuskar gini, wato bangon da ke kallon titi. Ku tuna zaurukan Zariya da Kano masu zane da zanko, to wannan gaban shi ake nufi. A Landan har al'ada ce ta magina su rushe tsohon gini su bar bangon gaba kaɗai, a tokare shi da ƙarafa, a tada sabon gini a bayansa. Haka aka yi wa tsohuwar kasuwar gwanjon 'ya'yan itace da ulu ta unguwar Spitalfields, wadda aka buɗe a 1929. Fuskarta na nan, cikinta kuwa ofisoshi ne na zamani.

Inda nake so ku yi hattara shi ne idan aka jingina ta ga mutum. A nan ba yabo ba ce. In Bature ya ce fara'ar wani "façade" ce, yana nufin zahiri ya saɓa wa baɗini, fankan fankan ne ba kilishi ba. Don haka kada ka ga malaminka ya yi kwalliya ka yaba masa da ita, zargin yaudara ka yi masa. Akwai dai inda take da taushi: matar da mijinta ya rasu, ta daure tana murmushi a gaban 'ya'yanta, akan faɗe ta a kanta cikin tausayi.

Abin da ke damuna shi ne kalmar ba ta da gurbin abin da muke kira rufin asiri. Dattijon da gidansa ba a ɗora tukunya ba, amma ya wanke rigarsa ya fita masallaci ba tare da ya kai kuka ga kowa ba, mai Turanci zai iya cewa fuska ce kawai ya gina. A wurinmu mutunci ne, abin da muke roƙon Allah Ya ba mu safe da yamma. Ina roƙon masu fassara a gidajen rediyo da jaridu kada su haɗa waɗannan biyun, domin za a zalunci irin wannan dattijo.

A gaida mutanen gida baki ɗaya.

Ɗan uwanku,
daga Landan