Abin da furojet ɗina ya koya min a kan heparin

Duk wanda ya taɓa raka majinyaci wankin ƙoda a nan Katsina ya ga heparin ko bai san sunanta ba, ita ce allurar da ke hana jini daskarewa cikin injin. To wannan maganin wani dogon zaren sukari ne, kuma yawancinsa daga hanjin alade ake tatso shi, galibi a Sin. Ranar da na karanta haka a ajin ƙarshe na bayokemistiri wallahi sai da jikina ya yi sanyi, ba batun tsarki kaɗai ba, a 2008 an samu gurɓatacciyar heparin da aka gauraya da wani sinadari mai kama da ita, mutane da dama suka mutu a Amurka, sannan a 2018 annobar zazzaɓin aladu ta shiga Sin, maganin ya nemi ya yi ƙaranci a duniya.

Mafitar da masana irin su Robert Linhardt suka bi ita ce samar da heparin daga bakteriya maimakon alade. Akwai wani jinsin E. coli da ake kira K5, rigar jikinsa heparosan ce, wato ƙashin bayan heparin amma babu salfet (sinadarin da heparin ke buƙata don ta yi aiki) ko ɗaya a jiki. Noman ƙwayar kam ba wuya, ka ba ta abinci a filas ta kwana a zafin digiri 37, da safe ruwan ya yi duhu-duhu da ɗan warinsa, ka tace ka zuba etanol mai sanyi sai ka ga farin abu yana kwantawa ƙasa, heparosan ɗin kenan.

Darasin da ya fi zauna min shi ne aikin gaske bayan nan yake. Sai inzayim-inzayim, wato furotin masu sarrafa sinadarai, sun bi zaren ɗaya bayan ɗaya, wannan ya cire asetil ya ɗora salfet, wancan ya juya siffar sukarin, wasu su ƙara salfet a gurbi na 2 da na 6 da na 3, kuma in aka saɓa jerin ko na gurbi na 3 ɗin bai hau ba, to abin ba zai kama antitirombin, furotin ɗin cikin jini mai hana daskarewa, yadda ya kamata ba, jini zai daskare abinsa. Ga sinadarin PAPS mai ba da salfet ɗin tsada gare shi, dole a san dabarar sake sarrafa shi.

Abin da ke ci min rai kuma, Burazil na yin heparin da hanjin saniya, mu ga shanu har Mai'aduwa, kullum ana yanka, kayan cikin sai farfesu kawai. Ina so in ga ɗalibanmu sun fara gwaji ko da a kan wannan ne.