Kalma ɗaya ta kwanar da mu a asibiti a Toronto

Watanmu huɗu da zuwa Kanada, cikin Fabrairu, sanyi kamar zai tsinke wa mutum kunne, madam ta tashi da zazzaɓi da ciwon maƙogwaro, ko yawu bata iya haɗiyewa. Mu ƴan Damagaram ne, bokonmu da Faransanci muka yi shi tun daga lakwal, kuma Faransancin nan ne ya kawo mu tunda Kanada na neman masu jinsa su zauna a wajen Kebek, to ni a tunanina ƙasar da ke da harshe biyu a hukumance ai duk inda ka shiga zaka samu mai jinka. Ashe da sauran rina a kaba.

Bamu da likitan iyali a lokacin, sai katin lafiya na OHIP kawai, muka bar yarinya wajen maƙwabta muka tafi ɓangaren gaggawa na wani asibiti wajen ƙarfe 9 na dare. Nas ɗin da ke tantance marasa lafiya ta tambaye ni me ke damunta, ni kuma da ɗan Ingilishina na kame-kame nace tana da angine, don haka muke ce wa ciwon maƙogwaro a gida, kowane likita a Nijar ya san shi. Wallahi nan take fuskar matar ta canza, ta kira a kawo keken marasa lafiya, kafin in farga an wuce da madam ciki an manna mata wayoyi a ƙirji ana awon zuciya ana ɗibar jini. Sai tambayoyi suke jero mata da sauri, ita kuma irin tarbiyyarmu ta kar a ba babba kunya, duk abinda aka ce sai ta gyaɗa kai. Daga baya na gane ɗaya daga cikin tambayoyin shi ne ko ƙirjinta na ciwo.

Mun kai wajen ƙarfe 3 na dare muna jiran a sake ɗibar jini karo na biyu, sai wata nas ƴar asalin Kongo tazo wucewa taji ina lallashin madam ina haɗa Hausa da Faransanci, ta tsaya tace da ita, ƴar'uwa ina ne ke miki ciwo? Madam ta nuna wuya. Matar ta dafe kai. Ita ta fahimtar da ni cewa angina a Ingilishi ciwon ƙirji ne na zuciya, harafi ɗaya ne tsakaninsu. Aka leƙa maƙogwaro aka goga ɗan auduga, aka rubuta magani, muka fito da asuba. Ni ban ga laifin nas ta farko ba fa, aikinta tayi kuma da a ce da gaske zuciya ce da ta ceci rai, amma babu wanda ya tambaye mu da wane harshe muke so a duba mu, ni ma ban nema ba don bansan ana nema ba.

Wannan daren yanzu dariya muke masa. Wanda ya fi tsaya min a rai shi ne lokacin da ta samu ciki. Ni ne tafinta a duk awo, ta faɗa min da Hausa in juya a kaina zuwa Faransanci don da shi na san sunayen cututtuka, sannan in lalubo Ingilishi, kafin magana ta isa kunnen likita ta rame ta zama rabi. Ina ta ganin ƙoƙarina, har ranar da muka samu wata ungozoma mai jin Faransanci (a Ontariyo, lardin da Toronto take, ungozoma ma'aikaciyar lafiya ce mai lasisi kuma gwamnati ke biya), tana zama tace in ɗan jira a waje. Minti arba'in suna ciki. A mota madam take gaya min akwai abinda ya kusa wata biyu yana damunta bata taɓa faɗa ba. Nace haba, me ya hana ki? Tace Malam, akwai maganar da ba'a bi da ita ta bakin miji a gaban wani namiji. Nayi shiru, don gaskiyarta ne, kuma na san gidajen da yaro ɗan shekara goma ne ke yiwa uwarsa wannan aikin.

Daga nan na shiga bin diddigi. Ontariyo tana da dokar ayyukan gwamnati da Faransanci tun 1986, ta fara aiki a 1989, kuma Toronto na cikin yankunan da ta shafa. Amma ga inda mutane irina ke ruɗewa, dokar ta ɗaure ma'aikatun gwamnatin lardi ne, asibiti kuwa sai in an ayyana shi a ƙarƙashin dokar, wani ma sashe kaɗan ne kawai aka ayyana, to zama a yankin da dokar ta shafa baya nufin asibitin unguwarku dole ya baka likita mai Faransanci. Tun Afrilu 2023 wuraren da dokar ta hau kansu su ne zasu fara yi maka tayin Faransanci tun daga gaisuwa, basai ka roƙa ba. In suka gaza akwai kwamishinan Faransanci da ake kai wa ƙara, wanda tun 2019 yake ƙarƙashin ofishin Ombudsman, wato mai sauraron koken jama'a kan hukumomi, na lardin.

Wani dattijo Bature ɗan asalin nan da muke haɗuwa a Centre francophone du Grand Toronto, cibiyar masu jin Faransanci, shi ya bani labarin asibitin Montfort na Ottawa, wanda ke aiki da Faransanci. A 1997 zamanin gwamnatin Mike Harris, firimiyan Ontariyo na lokacin, aka ce a rufe shi, mutane wajen 10,000 suka taru a watan Maris na shekarar ƙarƙashin jagorancin Gisèle Lalonde, aka tafi kotu, a Disamba 2001 kotun ɗaukaka ƙara ta Ontariyo ta basu gaskiya. Yana bani labarin idonsa na kawo ruwa, yace mahaifiyarsa da tsufa ya kama ta, Ingilishin da tayi shekaru tana aiki da shi gudu yayi ya barta, sai Faransancin yarinta. Ni da nake ɗauka wahalar ta baƙi ce kawai.

Yanzu dai duk inda muka shiga, kafin in faɗi ciwo sai na faɗi harshe, in ce a rubuta a fayil ɗinta cewa Faransanci take so ko da ranar babu mai ji, don in bamu nema ba lissafinsu zai nuna babu masu buƙata. In babu ma'aikaci mai ji sai in ce a kira tafinta ta waya, manyan asibitocin nan suna da wannan kuma ba mu ke biya ba. Da daddare kafin mu kwashi jiki zuwa asibiti sai mun kira 811, layin wayar neman shawarar lafiya, mun zaɓi Faransanci mun yi magana da nas. Na kuma hana madam gyaɗa kai, in bata gane ba tace bata gane ba. Mun yi rajista da Accès Soins don neman likitan iyali muka ce mai Faransanci muke so, mun jira fiye da shekara, wanda aka samo mana bas biyu muke hawa kafin mu isa wajensa. Ranar farko madam ta shiga ita kaɗai, ni ina falon jira da jaririya a kafaɗa.