Kawu, da kai ne za ka sake sayen irinta?

Ranar Juma'ar da ta wuce, bayan an sauko daga masallaci, ɗan ƙanwata ya same ni a ƙofar gida. Gaisuwar ma a tsaitsaye ya yi ta, hannunsa na cikin aljihu yana laluben waya. Ya nuna mini hoton wata ƴar guntuwar mota ja, irin masu yankakken bayan nan da ake ɗaga ƙofar bayansu sama, an wanke ta tana ta ƙyalli a wajen wani dillali. Ya ce, "Kawu, kai da ka taɓa riƙe irinta, da kai ne za ka sake saye?" Na ce da wane kuɗi? Ya ce yana da jika ɗari takwas da ya tara a shagonsa na gyaran waya, cikon kuma zai sayar da rabonsa na filin da marigayi mahaifinsu ya bari. Da na ji ya ambaci fili sai gabana ya faɗi. Ban ba shi amsa ba, na ce ya je ya dawo. Kwana huɗu ke nan ina juya tambayar, barci ma bai ishe ni ba, shi ya sa na ce bari in rubuta, domin ba shi kaɗai ba ne a Maraɗi.

A 2012 na sayi tawa. Lokacin ina mushen lakwal, shekarata talatin da huɗu, ina da mata da ƴaƴa biyu da tsohon babur. In aka tambaye ni dalili, cewa nake iyali ne. Kuma akwai gaskiya a ciki: wanda bai taɓa goya mace mai ciki da yara biyu a babur cikin ƙurar hunturu ba, bai san abin da nake faɗi ba. Amma akwai wani dalilin da ban taɓa gaya wa ko uwargida ba. Wani abokina da muka fara aikin koyarwa tare ya ajiye alli ya shiga kasuwancin Jibiya da Katsina. Muka haɗu a wani suna. Shi ya zo a mota, aka tashi aka ba shi kujera, ni na jingine babur jikin katanga na zauna a bakin tabarma. Ba wanda ya wulaƙanta ni, ko kusa. Ni ne na wulaƙanta kaina a cikin zuciyata, kuma daga wannan rana ban sake samun natsuwa ba.

Na ci bashin banki na shekara huɗu, ana cira daga albashi. Bai isa ba. Sai na sayar da gonar da na gada a ƙauyenmu, can ɓangaren Mayahi, gonar da take ba mu geron da ke kai mu kusan wata takwas. Inna, Allah ya jiƙanta, ba ta yi mini faɗa ba. Ta dube ni kawai ta ce, "Gona ba ta tsufa, ɗana." Na ce mata zamani ya canza. Wannan maganar tawa har yau tana ci na.

Motar daga Turai ta fito, ta sauka Kotono, aka biyo da ita ta Malanbil da Gaya da Doso. Ta riga ta yi shekara goma sha huɗu a hannun wasu kafin ta iso ni. Miliyan biyu da jika ɗari uku na biya, ban da kuɗin duwan da takardu da asirans, waɗanda ko lissafa su ban yi ba sai da suka taso. Ranar sayen kuwa da wa na tafi? Da wani malami ɗan'uwana wanda bai fi ni sanin mota ba. Muka shafa fenti, muka kunna rediyo, muka sa hannu a bakin kilima muka ji sanyi. Ko durƙusawa ba mu yi ba mu leƙa cikinta.

Zan yi mata adalci, domin ba ta cuce ni ba. A cikin gari babu kamarta. Lungunan Mokoyo da Bagalam da babbar mota ke tsayawa tana shawara, ita wucewa take. Ranar kasuwa inda kowa ke neman wurin tsayawa, ni ko tsakanin amalanke biyu sai in cusa ta. Mai kuwa kamar tana lasa. Na yi Yamai da ita sau uku, kilomita sama da 650, ta Madawa da Ƙonni da Dogon Dutse, ba ta taɓa bari na a hanya ba. Kuma akwai wani dare a watan Agusta na 2013, ruwa kamar da bakin ƙwarya, naƙuda ta kama uwargida, jini ya ɓalle. Ƙarfe biyun dare, babu kabu-kabu, babu kowa a titi. Na shimfiɗa kujerar baya, maƙwabciyarmu ta riƙe mata kai, muka isa asibiti. Ungozoma ta ce da mun ƙara jinkiri da labarin ya sha bamban. Yarinyar da aka haifa a daren nan yanzu ita ke kawo mini ruwan alwala. To in wani ya ce mini sayen motar nan wauta ce tsantsa, sai in ji raina ya ɓaci. Ina zan sa wannan daren a cikin lissafi?

Sai dai dare ɗaya ne a cikin shekara biyar. Sauran kwanakin fa?

Wanda ya ƙera irin wannan mota, kwalta ya sa a ransa, da mutum huɗu, da ƴar jakar cefane. Ni kuwa na mai da ita motar ƙauye, motar biki, motar ɗaukar hatsi. Daga inda kwalta ta ƙare zuwa garinmu rairayi ne, kuma duk wanda ya san hanyoyinmu ya san yadda suke: sawun amalanke biyu masu zurfi, tsakiya kuma tudu ya taso kamar kunya. Mota mai tsawon ƙafa tana bi ta kai lafiya. Tawa cikinta ke gogar tudun, ina jin ƙarar a tafin ƙafata, ina cewa ai yashi ne, ba ya komai.

Bayan kakar 2014 na je na sayo gero, ni da da nake nomawa. Buhu uku na loda, biyu a baya da aka kwantar da kujera, ɗaya a kan rufi an ɗaure da igiya, ga wani ƙanena a gaba da kaji a ƙafarsa. Bayan motar ya zauna har tayoyin sun kusa shigewa. Ba mu yi nisa ba na ji wani abu ya buga daga ƙasa, kututturen sabara ne da yashi ya rufe. Na ci gaba. Can sai wata ƴar jar fitila ta kama a gabana, mai siffar buta. Wallahi shekara biyu ina tuƙa motar ban san me take nufi ba. Na ce bari mu kai kwalta tukuna. Ba mu kai ba. Injin ya yi wani irin kuka, ya ɗauke. Da na fito na waiwaya, ga baƙin mai ya ja layi a kan farin yashi har inda ido ya tsaya. Tukunyar man da ke ƙarƙashin injin ce ta fashe, ni kuma na yi ta tafiya da inji babu mai har ya ƙone. Shanun wani bawan Allah ne suka ja mu zuwa bakin hanya, yaran ƙauye na biye da mu. Da a ce na kashe ta a lokacin da fitilar ta kama, da gyaran bai wuce walda da galan ɗaya na mai ba.

A nan na san abin da ake kira kayan gyara. Irin motata ba ta da yawa a Maraɗi, don haka babu mai ajiye kayanta. Bakanike ya aika Katsina, babu. Aka aika Kano, kasuwar Ƙofar Ruwa, aka kawo wani abu da bai shiga ba, aka mayar, kuɗin mota na kaina. Wata uku tana kwance a gareji, awaki na kwana a ƙarƙashinta, banki kuwa bai fasa cirar kuɗinsa ko wata ɗaya ba. Na koma hawan kabu-kabu zuwa lakwal, tunda babur ɗin na riga na sayar.

Ga kuma ruwa-ruwa. A lokacin man Najeriya na kwalba ya fi na gidan mai araha nesa ba kusa ba, kowa shi yake sha, kuma ba zan ce duk masu sayar da shi maha'inta ba ne, da yawa mutanen kirki ne masu neman abinci. Amma man da ya kwana a jarka, aka tace shi da tsumma a bakin titi cikin ƙura, tsohuwar mota mai laushin ciki ba ta jure shi. Sau biyu na canza famfon mai. Me zan yi? Albashin da banki ya riga ya gutsure, da shi zan shiga gidan mai kullum? Har yanzu ina ganin ba ni da zaɓi. Ko da yake zaɓin na nan, tun ranar da Inna ta yi magana.

Abin da babu dillalin da zai gaya maka shi ne, ranar da ka sayi mota a cikin dangi, ta tashi daga taka. Kai amarya Tibiri, gaisuwar mutuwa a Gidan Rumji, mara lafiya daga Madarunfa, duk kai ne. Ba mai zuba maka lita ɗaya, kuma in ka ce babu mai, an ce ka yi kuɗi ka canza. Ban iya cewa a'a ba, har yau ban iya ba.

A 2017 na sayar da ita jika ɗari shida. Na ɗauki kuɗin na je wajen wanda ya sayi gonar, ya ce ko na ninka abin da ya ba ni sau uku ba zai sayar ba. Aya yake nomawa a ciki yanzu. In na je ƙauye, ta wata hanyar nake bi.

Cikin kwanakin nan na tambayi masu irin waɗannan motoci a majalisarmu. Wani mai taksi da ke tuƙa Starlet ya ce ko gobe zai sake, domin duk da Toyota ta daina ƙera irin tasa tun 1999, babu garejin da za ka shiga a ƙasar nan a ce ba a san ta ba ko babu kayanta. Wata ma'aikaciyar jinya da muke unguwa ɗaya, wadda tafiyarta daga gida zuwa aiki ce kawai, ta ce ban da irinta ba ta son wata mota. Waɗanda suka girgiza kai duk irina ne: masu ƙauye a bayan yashi, masu iyali da yawa, masu bashi.

Kuma yau abin ya fi na lokacina tsauri. Tun da Shugaba Tinubu ya cire tallafin mai a ranar 29 ga Mayun 2023, arahar ruwa-ruwa ta tafi. Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 a nan Nijar aka rufe iyakoki, hanyar Kotono ta toshe, kaya suka koma zagayowa ta Lome da Burkina Faso, mota da kayan gyaranta duk suka ƙara tsada. Gaskiya ne a 2024 an rage kuɗin litar mai a Nijar daga sefa 540 zuwa 499, amma mota ba mai kaɗai take ci ba.

Na zauna da niyyar rubuta wa matasa shawara goma. Da na duba, yawancinsu surutu ne. Kada ka sayar da ƙasa ka sayi ƙarfe. Ko fili ne, ko gona, ko kangon da kake ganin ba shi da amfani, bar shi. In kuɗinka bai kai ba, motar ba taka ba ce tukuna. In ya kai cif-cif, nan ma ba taka ba ce, domin dole a bar na gareji a gefe.

Kafin ka je wajen dillali, je wajen masu kayan gyara ka ambaci sunan motar. In suka fara cewa sai an aika Kano, juya. Ka tafi da bakaniken da kai ka biya, ya kwanta a ƙasa ya leƙa cikinta. Amma ina yaran yanzu za su yi wannan? Motar da ba ka biya ba, ka riga ka jingina da ita an ɗauke ka hoto, ka sa a WhatsApp, abokai na ta yi maka barka. Yaro ya san sunan kowace waya a duniya, bai san inda ake duba man inji ba, parmi ma bai da shi. Kuna ba ni haushi, wallahi, kuma abin da ya fi ba ni haushi shi ne na san zafin da ke cikin ƙirjinku, irinsa ne ya kama ni a bakin tabarmar nan.

Kada ka ba kowa aron motarka, ko ɗan uwarku ɗaya ne. Amma in aka buga maka ƙofa tsakar dare da mara lafiya, tashi ka kai shi, ko da man gobe ne za ka ƙone. Zuciyata cewa take kada ka saya sam, riƙe babur ɗinka, ƙara jari a shago. In kuma ka ƙi ji, to sayi ƙaramar, kada wani ya zuga ka zuwa babba, ita ce za ta kashe ka da sauri. Ni kaina, da zan samu kuɗin da ba bashi ba ne, ba na gona ba ne, ina jin zan sake sayen irinta, in tsare ta a kan kwalta, ƙauye kuma in hau motar haya.

Jiya da dare yaron ya dawo. Na ba shi labarin nan duka, har da na ranar bikin sunan nan da ban taɓa faɗa ba. Ya saurara, wayar na hannunsa tana haske, da na gama ya ce, "Kawu, ai ni ba zan kai ta ƙauye ba." Ni ma haka na ce wa Inna. Mun yi da shi ranar Asabar za mu je tare da bakaniken da ya yi jinyar tawa, ya duba ta ciki da waje. Takardar filin kuwa tana hannun mahaifiyarsa, kuma yau da asuba na je na roƙe ta kada ta fito da ita.