Waken da na ci a Nima

Duk lokacin da cacar bakin jalof ta tashi tsakanin 'yan Najeriya da 'yan Gana a Facebook, ni dai gefe nake komawa. Ba rashin kishi ba ne. Wata tafiya da na yi Akara, babban birnin Gana, ce ta kashe min baki.

Washegarin saukata a unguwar Nima, da sassafe mai masaukina ya ja ni wurin wata Hajiya mai abinci, wai yau zan ci abin da Najeriya kaf ba ta da irinsa. Aka zubo min shinkafa da wake a ganye, ta yi jawur saboda karan dafin da aka dafa ta da shi, ga taliya, ga garin rogo, ga dafaffen ƙwai, ga wani baƙin yaji da suke kira shito. Na tambayi sunan abincin, ya ce waakye. Hajiya ta tuntsure da dariya ta ce, "Ɗana, waken nan naku ne dai, bakin mutanen nan ne ya lanƙwasa shi."

Wato garau-garau ɗinmu ne ya yi ƙaura ya yi arziki. Kuma ba zan ɓoye ba, ya fi na bakin layinmu daɗi.

Daga nan na fara lura. Koko da ƙosai suke karyawa da shi, har ma Hausa koko suke ce masa. Tuwon arewacinsu, tuo zaafi sunansa. A Sudan akwai gasasshen nama mai ƙuli da yaji, agashe suke kiransa. To in za a ba wata ƙasa kofi, ƙosai a lissafin wa zai shiga? Kilishi fa, namu ko na Nijar?

Ita kanta jalof ɗin da ake ta ɗaga jijiyar wuya a kai, sunan tsohuwar daular Jolof ta Senegal ta ɗauko. Muna nan muna musu, a 2021 UNESCO, hukumar raya ilimi da al'adu ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ta sa shinkafa da kifin Senegal, wadda suke kira cebu jen, cikin al'adun gado na duniya. Tumatirin da ke ba ta launi kuwa asalinsa daga nahiyar Amurka ya zo.

Da mai masaukin nawa ya zo Kano, na sa aka yi masa tuwon dawa da miyar kuka, daddawa ta ji, man shanu na yawo a sama, abincin da ni ba na haɗa shi da komai. Loma uku ya yi, ya wanke hannu, ya tambaye ni ko akwai shito a gidan.