Rauta Daban, Suwic Daban: Aikin Haɗa Kwamfutoci a Zariya

Kiran da ya fi shigo wa ƙaramin kamfani irin namu, ko daga makarantun Samaru ne, ko ofisoshin Sabon Gari, ko cibiyoyin jarrabawa ta kwamfuta, da magana ɗaya yake farawa: "Injiniya, rautar nan ta lalace, a zo a canza mana." In aka je, sau da yawa rauta lafiyarta lau. Wani lokacin ma akwatin da ake nuna mana ba rauta ba ne, suwic ne. A wurin mai ofis, duk akwati mai ramuka da fitilu masu ƙyaftawa sunansa rauta. Mai gyaran da bai raba aikin akwatunan nan biyu ba kuwa, sai ya yi ta sa mutane sayen kaya, matsalar tana nan inda take.

Kwamfuta ba ta tura saƙo a dunƙule. Yanka shi take yi fakiti-fakiti, kuma a kan wayar Ethernet fakiti ɗaya ba ya ɗaukar kaya fiye da bayit 1,500. Hoto mai nauyin megabayit 3 zai tashi fakiti sama da 2,000, kowanne da adireshin mai aikawa da na mai karɓa. Paul Baran a Amurka da Donald Davies a Ingila ne suka fito da wannan dabara a shekarun 1960, kowa a nasa ɓangaren. A 1969 kamfanin BBN ya ƙera na'urar da ake kira IMP a kan kwamfutar Honeywell DDP-516, girmanta kamar firji, layinta na ɗaukar kilobit 50 a daƙiƙa. Ita ce kakar duk wata rauta. Ranar 29 ga Oktoba ta wannan shekarar aka gwada tura kalmar LOGIN daga jami'ar UCLA zuwa cibiyar bincike ta SRI, haruffa biyu kacal suka isa, L da O, kwamfutar can ta tsaya.

Suwic kamar mai unguwa yake: ya san kowane gida a unguwarsa, bai san komai a wajenta ba. Kowace kwamfuta tana da lambar da aka ƙera ta da ita, adireshin MAC, mai bit 48. Ba wanda ke koya wa suwic waɗannan lambobi. Fakiti na shigowa ta ƙofa ta 7, wato ramin soka waya na 7, sai ya duba lambar mai aikawa ya rubuta a teburinsa cewa mai wannan lamba yana ƙofa ta 7. In minti 5 suka wuce bai ji ɗuriyarsa ba, ya goge. In fakiti ya zo da lambar da bai sani ba, sai ya watsa shi ta duk ƙofofi ban da wadda ya shigo, wanda ya amsa ya shiga tebur. Kafin kamfanin Kalpana ya fito da suwic na farko a kasuwa wajen 1990, abin da aka fi amfani da shi hob ne, wanda ke maimaita kowane fakiti ga kowa, mutum biyu suka yi magana lokaci ɗaya saƙo ya yi karo.

Rauta kuwa ɗan kamashon tashar motar Kwangila ce. Ka ce masa Gusau za ka, bai san gidan da za ka sauka ba, kuma bai dame shi ba; abin da ya sani shi ne motar hanyar Funtuwa ce taka, ba ta Kano ba. Haka rauta ke duba adireshin IP na mai karɓa, wato adireshinsa na intanet, ta nemi layin da ya fi dacewa da shi a teburinta, ta miƙa wa rauta ta gaba. In layi biyu suka dace, wanda ya fi ƙayyade wuri shi ke ci. In babu ko ɗaya, ta bi hanyar da aka ce mata ta bi da duk baƙon adireshi, wato wajen kamfanin da ke sayar da intanet. Kuma duk rautar da fakiti ya ratsa sai ta rage ɗaya daga wata lamba da ke kansa, TTL, wadda Windows ke farawa da 128, Linux da 64. Ta kai sifili, a yar da fakitin. A riƙe wannan, don suwic ba shi da irin wannan lamba, kuma za a ga abin da rashinta ke jawowa.

Rautocin farko, har da na kamfanin Cisco da aka kafa a 1984, kwamfutoci ne kawai: furosesa ce ke ɗaukar kowane fakiti ta duba ta yanke hukunci. Da layuka suka ƙara gudu sai furosesa ta kasa, aka koma ƙera aisi, wato ɗan guntun lantarki (IC), na musamman wanda ba shi da wani aiki sai tura fakiti. Rautar Juniper M40 ta 1998 da haka ta yi suna. Aka kuma samar da wata ma'adana mai suna TCAM, wadda ke gwada adireshi da duk layukan tebur a bugu ɗaya maimakon bi ɗaya bayan ɗaya. Tana da tsada, tana cin wuta, shi ya sa ba ta da yalwa. A watan Agusta na 2014 teburin hanyoyin intanet na duniya ya haura layi 512,000, tsofaffin rautoci da yawa da aka ware wa daidai wannan adadin suka cika, netwok ya yi ta yankewa a wurare da dama.

Wannan tarihin yana nan a cikin ɗan akwatin da ake maƙalawa a bangon ofis a Tudun Wada. Ɗauki rautar MikroTik hEX, wadda ke da ƙofa 5 masu gigabit, furosesa mai kai biyu ta megahaz 880, da ma'adana megabayit 256. A cikinta akwai aisin suwic, akwai furosesa. Fakitin da ya tsaya a aisi yana wucewa da cikakken gudun waya. Wanda aka tilasta wa hawa furosesa, saboda dokokin tacewa ko rabon gudu da aka ɗora, sai ya bi layi. A shafin saitinta inda ake haɗa ƙofofin, harafin H a gefen ƙofa shi ke nuna aisi ne ke aikin. Wani saiti ɗaya kan iya kashe shi ba tare da mai saitin ya lura ba, sai a ga furosesa ta kai 100 bisa 100 ana cewa kamfanin intanet ne ya rage gudu. A ganina rauta ba wurin da za a bi da zirga-zirgar cikin gida ba ce. Abin da ke tsakanin kwamfuta da kwamfuta a ɗaki ɗaya a bar wa suwic, rauta ta ji da mai fita.

Zauren jarrabawa mai kwamfuta 250 shi ke tona asirin lissafi. Suwic mai ƙofa 24, in aka cire ɗaya ta hawa sama, saura 23, don haka ana buƙatar 11, da wani babba guda da za su haɗu a kansa tare da sabar da ke riƙe da tambayoyi. Kowanne ya ja tasa wayar kai tsaye zuwa babban. Masu tsimin waya sukan jera su kamar carbi, na ɗaya cikin na biyu, na biyu cikin na uku. Nan duk kayan zauren ta waya ɗaya za su bi, kuma na uku ya mutu, takwas na bayansa sun tafi. Sai adireshi. Rukunin da aka saba, mai rufin 255.255.255.0, adireshi 254 kawai yake bayarwa; rufi shi ne lambar da ke ƙayyade girman rukunin adireshi. Kwamfuta 250, da na ko-ta-kwana, da sabar, da firinta, da su kansu suwic ɗin masu saiti, an wuce. Ranar gwaji sai kwamfutocin da aka kunna a ƙarshe su rasa adireshi. A mai da rufin 255.255.254.0, a sami 510. Wajen waya ma wurin ajiye suwic yana da tasiri: in duk a ɗaki ɗaya suke, kowace waya ta kai mita 30, an ci mita 7,500, kusan kwali 25 na mita 305. In an rarraba su a kan layukan tebura, waya ta dawo mita 12, kwali 10 ya isa.

Waya ita ce inda aka fi cutar mutane. Kasuwa cike take da kwalayen da aka rubuta wa Cat6 alhali alminiyam ne aka shafa wa jan ƙarfe. Gwajin ba wuya: a kankare silin da reza, in fari ya bayyana to jabu ce, ko a kara masa wutar ashana, na alminiyam nan take yake lanƙwashewa. Irin wannan tana aiki a mita 20, a mita 70 ta fara zubar da fakiti, tana karyewa a cikin kan RJ45, wato kan robar da ake matse wa waya, in kuma aka bi da wuta ta cikinta zuwa kyamara sai ta yi zafi. Ta gaskiya ma iyakarta mita 100. Jerin launi da muke bi shi ne na T568B: fari-lemo, lemo, fari-kore, shuɗi, fari-shuɗi, kore, fari-ruwan ƙasa, ruwan ƙasa. Yaron da ke koyo yakan ce ai in kai biyun sun yi daidai da juna, ko wane jeri ma ya yi. Testa mai fitila takwas za ta goyi bayansa, duk su kama. Amma silin an murɗa su bibbiyu ne don su kashe hayaniyar lantarki, kuma fil na 3 da na 6 dole su zama 'yan murɗi ɗaya. Aka raba su, waya na nuna ta haɗu, gudu babu. Kar kuma a warware murɗin fiye da milimita 13 a bakin kai. Gudun megabit 100 sili huɗu yake amfani da su, na 1, 2, 3 da 6. Gigabit yana son duka takwas. Shi ya sa in ƙofar gigabit ta sauka 100 ita kaɗai, kafin a zargi suwic a sake matse kan wayar.

Matsalar da ta fi ruɗa mutane ba ta da alaƙa da lalacewar komai. Mai shara ya ga kan waya a yashe a ƙasa kusa da suwic, da kyakkyawar niyya ya ɗauka ya soka a ramin da babu kowa, bai san ɗaya kan yana jikin suwic ɗin ba. An yi zobe ke nan. Fakitin sanarwa da ake watsa wa kowa zai fita ta nan ya dawo ta can, a sake watsa shi, kuma tunda babu TTL a wannan mataki, ba mai kashe shi. Cikin daƙiƙu kaɗan zauren ya tsaya cak. Alamarsa a fitilu take: maimakon kowace ta riƙa ƙyaftawa yadda ta ga dama, sai duk su riƙa bugawa tare da sauri kamar an ɗaure su. Ana zare wayoyin babban suwic ɗaya-ɗaya, wadda aka zare fitilu suka lafa, zoben yana reshenta. Radia Perlman ta magance wannan tun 1985 da tsarin STP, inda suwic ke gano zobe ya rufe ƙofa ɗaya, sai dai suwic mai araha marar saiti galibi ba ya da shi. Tsohon tsarin yakan riƙe ƙofa kamar daƙiƙa 30 kafin ya buɗe, har kwamfuta ta gaji da neman adireshi. Sabon tsarin mai sauri, RSTP, shi ya kamata a kunna.

Ƙanin wannan shi ne malamin da ya kawo 'yar rautarsa daga gida don ya sami Wi-Fi a ofis, ya soka wayar makaranta a ramin LAN, wato ramin kwamfutocin cikin gida. Rautarsa ma tana rabon adireshi da tsarin da ake kira DHCP, sai a sami masu rabo biyu, kowace kwamfuta ta karɓi na wanda ya riga amsawa. Rabin ofis na aiki, rabi babu. A duba adireshin wadda ta ƙi: in rukunin wurin 192.168.88 ne aka ga 192.168.0, akwai baƙuwa a gidan. In kuwa da 169.254 ya fara, ba ta sami mai ba ta ba sam, a koma kan waya.

Sauran na yanayin garin ne. Hadarin farkon damina shi ke kashe ƙofofi, kuma ba sai aradu ta faɗo kan ginin ba. Wayar jan ƙarfe da aka ja ta sama daga wannan gini zuwa wancan tana kwasar ƙarfin tsawar da ta faɗi a kusa, ta sauke a suwic na kai biyun. Tsakanin gini da gini faiba ce magani, don gilashi ba ya ɗaukar lantarki, ga shi tana tafiya kilomitoci. Inda dole sai jan ƙarfe, kamar rediyon kan hasumiya mai kama intanet ta iska, a sa waya mai sulke, da abin kare tsawa, da sandar jan ƙarfe da aka binne a ƙasa mai danshi. Ƙurar hunturu tana toshe fankar manyan suwic, zafin Maris da Afrilu ya zo ya same su a toshe. A busa su kafin bazara. Zanzaro kuma yana son ramin da ba a soka komai ba, ya cika shi da laka, don haka ramukan da ba a amfani da su a toshe su.

Wuta ma haka. Yawancin abin da ake kira mutuwar rauta, adaftarta ce ta ƙone lokacin da aka juya daga wutar gari zuwa janareta. hEX tana karɓar bolt 8 zuwa 30, cinta bai wuce wat 10 ba, don haka ana iya ɗora ta kai tsaye a kan batir mai bolt 12 da fis, ba sai ta bi inbata ba. A kula da wutar da ake turawa ta cikin wayar netwok: PoE na ƙa'ida, 802.3af mai wat 15.4 da 802.3at mai wat 30, wajen bolt 48 yake, kuma sai ya tambayi na'ura kafin ya saki wuta. Adaftar rediyo da yawa kuwa ba ta tambaya, tura bolt 24 ko 48 kawai take yi. Aka soka mai 48 a rediyon 24, ƙauri za a ji. Shi ya sa kowace adafta muke rubuta mata bolt ɗinta da sunan na'urarta da maka, kowace waya kuma lamba ɗaya a kai biyun, a ajiye kwafin saitin rauta a filas guda biyu, ɗaya wurin mai ofis, ɗaya a shago.