Kuɗin da ba shi da rasit

Shekara tara na yi ina magatakarda a wata kotu a cikin birni, makon jiya na miƙa makullan ofis. Duk cikin abin da na gani, maganar wata mata ce ta tsaya min a rai. Rabon gado ya kawo ta, ba ta daɗe da fita takaba ba, ga marayu huɗu.

Wanda ke sama da ni ya ce in karɓi naira dubu arba'in a hannunta, wai kuɗin zuwa ganin gida, ba rasit. Na karɓa. Tana kwance bakin zaninta ta ce, "Ɗan nan, akuyar marayun na sayar, rubuta min ko a 'yar takarda ce." Ban rubuta ba, don an hana ni. Bayan wata biyu ƙanin mijinta ya kai ƙorafi. Wanda ke sama da ni ɗin nan ya rantse bai san zancen ba, aka ba ni takardar tuhuma, aka riƙe min ƙarin girma shekara biyu. Shi kuwa har yau miƙe masa ake yi in ya shigo.

A kwanakin nan na baƙin ciki na koma kan Kitabul Farƙ na Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, inda ya lissafa gaisuwa da cin hanci wajen shari'a cikin halayen sarakunan da ya yaƙa. Har bayan Turawa sun ci Kano a 1903 alƙalai na cin ushira, ɗaya bisa goma na gado, sai da aka kafa Baitulmali zamanin Sarki Abbas aka yanka musu albashi. A shekarun 1950 'yan jam'iyyar adawa ta NEPU sun sha ɗauri a kotunan En'e, wato hukumar gargajiya, saboda bakinsu, kafin gwamnati ta karɓe kotunan a 1968. Ni dai yaran alƙalai na wancan zamani na yi ta tunawa, waɗanda kuɗin ke bi ta hannunsu, don a layinsu na tsinci kaina.

Ga masu shigowa aikin: kada ku taɓa kuɗin da ba rasit, umarnin baki kuma ku ce a rubuta. Ku riƙa gaida masinja, ya fi kowa sanin kotu.

Dubu arba'in ɗin daga albashina na tara, wata biyar, na kai wa matar nan har gida. Ta ƙirga sau biyu, ta ɗaure a bakin zani, ta ce in gaida mahaifiyata.